Baki Biyu a Kati Ɗaya

Duk unguwar Baba Mita ake ce masa, ko da yake ya daɗe da ajiye aikin duba mitar ruwa. Shekarun ƙarfinsa duka ya ƙarar da su yana durƙusawa a ƙofar gidajen mutane, yana ɗaga murfin ƙarfe, yana share laka da babban yatsa don ya ga lamba. Abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne gano gidan da ya ja bututu ta ƙarƙashin katanga zuwa maƙwabci. Gida mai mutum uku ba ya shan ruwan mutum goma, sai in akwai wasu bakuna a bayan bango. Da ƙarfi ya ƙare, hukumar ta sallame shi da fansho, da agogon bango da bai taɓa tafiya daidai ba, da katin inshorar lafiya. A cikin ukun, katin ne kaɗai yake aiki ba sai an bi shi da roƙo ba.

Katin na mutum biyu ne, shi da matarsa. Matar ta rasu ba su haihu ba, gurbinta yana nan a buɗe kamar gefen gadon da har yau ba ya mirginawa kansa. A ɗakin da ke kallon nasa kuwa akwai yayarsa, wadda ta goya shi, ta kuma biya masa makaranta da keken ɗinki. Ita ba ta taɓa yi wa wata hukuma aiki ba. Ta yi wa rabin gari ɗinki, amma rabin gari ba ya ba da kati.

Hawan jini shi ya fara kamawa, sannan ita. Wata rana da hantsi ya ji keken ya yi shiru a tsakiyar ɗinki, ya leƙa ya same ta ta kifa goshi a kan yadin mutane. A asibitin kuɗi da ya kai ta aka rubuta mata magani. Da mai kyamis ya ajiye kwalin a kan kanta, Baba Mita ya gane shi kamar fuskar maƙwabci, domin shi ne dai wanda yake karɓa duk wata da katinsa. Aka faɗi kuɗin kwalin, ya ce a maimaita, ba don bai ji ba. Sun gwada mai arha, ya sa ta tari har ta kasa zura zare, jinin kuma bai sauka ba. Ɗanta direban babbar mota ne, yana aiko da abin da ya samu idan ya tuna, tunawar tasa kuma ba ta san ƙarshen wata ba.

Sai Baba Mita ya sayo reza.

Kowace safiya bayan shayi yakan kife faranti, ya ɗora ƙwaya ɗaya a bayansa, ya raba ta biyu. Idonsa na dama ya riga ya fara yana, na hagun ma ba abin yabo ba ne, don haka rabon bai taɓa zuwa daidai ba. Yaya kuwa, wadda har yau take zura zare ba tabarau, takan miƙo hannu ta ɗauke nata tun bai ajiye rezar ba.

"Auta, da yadi kake yanka mini haka, da tuni na kore ka."

"Da kina biyana, da na koya."

"Na biya ka tun kana jiƙa mini baya."

Rabi bai riƙe kowa a cikinsu ba. Likitarsa, yarinya ce da za ta yi sa'ar autarsa da Allah ya ba shi haihuwa, ta dubi awo, ta dube shi.

"Baba, kana shan maganin nan kuwa?"

"Ban taɓa tsallake safiya ba, Likita."

Bai yi ƙarya ba, kuma wannan ya daɗe yana yi masa daɗi. Ta hana shi gishiri, ya bari. Ta ce ya riƙa tafiya, ya ce tafiya ce ta cinye masa gwiwa. A zuwa na gaba ta ce jininsa mai taurin kai ne, ta ninka masa: ƙwaya biyu kowace safiya.

Ya fito daga asibitin ran nan kamar wanda aka yi wa ƙarin girma. Reza ta koma kan taga ta yi tsatsa. Shi ɗaya, Yaya ɗaya, jinin kowa ya kwanta. Likita ta yi murna, ta ce yanzu an gano daidai awonsa, ta shigar a kwamfuta. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kama masu jan bututu ta ƙarƙashin katanga, ga shi ya ja nasa, mitar kuma tana karanta abin da ya ga dama. Bai ji kunya ba. Ya dai lura.

Ido ne ya kawo ƙarshen zaman lafiyar. Yanar ta rufe na dama ruf, ta fara cin na hagu. Jaridar da yake saya don ya samu wanda zai zaga ta koma masa toka-toka. Ya taɓa gaishe da turken lantarki, har ya ji haushin rashin amsawa. Inshora ta sa shi a layin tiyata, irin layin nan da wasu ke barinsa ba don an kira su ba. Shi dai aka kira shi.

"Sai dai masu aikin ido sun ga tarihinka," in ji Likita. "Mai shan ƙwaya biyu ba sa taɓa shi sai sun kwantar da shi sun ga yadda jininsa yake wuni. Za ka ɗan kwana biyu a ɗakin kwanciya na sama kafin a yi. Kuma kada ka zo da magani daga gida, ba a yarda ba. Nas za ta ba ka, ka sha a gabanta."

"A gabanta?"

"A gabanta, Baba. Wasu tsofaffin ɓoyewa suke yi a ƙarƙashin matashi."

"Marasa tarbiyya," in ji shi.

Bai hau mota ba da ya fito. Ya bi titin asibitin da ƙafa, ya wuce masu sayar da sanduna da kujerun guragu da suka jeru a bakin ƙofa kamar sun san abin da ake faɗa wa mutane a ciki. Ya kai mahaɗa, ya dawo, ya sake komawa. In ya haɗiye biyu, jikin da bai taɓa ganin biyu ba, bai san abin da zai yi ba. In ya faɗi gaskiya, za a mayar da shi ɗaya, ƙwayar Yaya ta tafi, wataƙila har da katin. In kuma ya ce ya fasa aikin, za a mayar da shi ƙarshen layi, kafin a sake kiransa na hagun ya rufe, makaho kuwa ba ya tsallaka wannan titin duk wata don karɓo maganin kowa. Ya juya su ya sake juyawa, ƙafarsa tana ta tafiya ba da izininsa ba, har ta kai shi kyamis.

"A ce mutum ya saba da ɗaya," ya ce wa mai kyamis, "sai ya sha biyu bisa kuskure."

"Wane mutum?"

"Wani."

"Wanin nan, yaro ne ko babba?"

"Sa'ana ne."

Mai kyamis ya ci gaba da jera kwalaye, bai ɗago ba. "Ka ce wa wanin ya bar kuskure. In kuma ya riga ya yi, kada ya miƙe tsaye da sauri, kada kuma ya sa sakata a banɗaki."

Washegari ya tafi ofishin inshora. Kujerun ɗakin jira a haɗe suke da ƙarfe ɗaya, in mutum guda ya girgiza ƙafa duk layin ya girgiza, kuma ran nan shi ne mai girgizawar. A bango akwai hoton wasu tsofaffi biyu, miji da mata, haƙoransu cikakku, suna dariya a kan ciyawa. Ya daɗe yana kallonsu da rabin ido yana tunanin ko wace cuta ce ke damunsu. Da aka kira lambarsa ya zauna gaban wani akawu mai furfura a gefen kunne, wanda gajiyarsa ta riga ta zama ladabi.

"Gurbin matata nake so a ba yayata."

"Gurbin na matar aure ne, Baba."

"Ta rasu."

"Allah ya jiƙanta. In ka sake aure ka kawo shaida, a ranar za mu sa amarya."

"Wato in na fita nan na tsinci wata a tashar mota na aura, kun karɓe ta."

"Mun karɓe ta."

"Wadda ta goya ni fa?"

"Tsarin bai san goyo ba, Baba." Ba da mugunta ya faɗa ba. Ya gyara zama ya ƙara da cewa akwai wani shiri na tsofaffi marasa kati da ake cewa yana tafe.

"Tun yaushe yake hanya?"

"Na same shi a hanya da aka ɗauke ni aiki."

Baba Mita ya yi kamar zai tashi, ya koma. "A ce wani yana raba maganinsa da wani."

"Dakatar da kati ke nan. Muna da mutanen da aikinsu ke nan, su duba wanda yake shan abin da ya fi ƙarfin jikinsa."

"Na san aikin," in ji Baba Mita. "Ka ce su kula da gwiwoyinsu."

A gida ya kasa zama. Ya gyara agogon bango, ya ɗauko rezar nan mai tsatsa ya duba ya mayar, ya buɗe famfo ya rufe. Yaya tana kan keke tana kallonsa ta wutsiyar ido har ta gaji, ta tsayar da ƙafa.

"Zauna, kana sa ni jiri. Me suka ce?"

Ya faɗa mata duka.

"To ka gaya musu gaskiya. Ni dama na gaji da shan rabon wani."

"Ki sake kifewa a kan yadin mutane?"

"Yadin mutanen ai ba naka ba ne."

"Ba zan faɗa ba, Yaya."

Ta dube shi irin kallon da take yi wa mai kawo ɗinki yana cewa gobe yake so. Sannan ta jawo gwangwanin maɓallai, ta tona da yatsa, ta zaɓo wani ɗan fari daidai girman ƙwayar.

"Tunda taurin kai ne gadonka, zo ka koya. Ka haɗiye ɗaya, ka maƙale ɗaya a kumatu. In ta juya baya ka tofa a hankici. Ka ga har riba za ka dawo mini da ita."

Haka suka wuni. Ya sa maɓalli a kumatu, ya kurɓi ruwa, ya buɗe baki, ya ce, "Na gode, Sista." Yaya ce Sista, kuma ba ta da sauƙi. Ta ce kumatunsa ya kumbura kamar mai ciwon haƙori. Ta ce muryarsa ta canza. Ta ce idonsa yana tona shi, ya ce idon da ba ya gani ba shi da abin tonawa. Can wajen la'asar ya kurɓi ruwa, ya buɗe baki, ya laluba da harshe, ya sake lalubawa.

"Ina yake?"

"Ya wuce."

"Na rigar malamin makarantar nan ne, ba ni da irinsa. Ka san inda za ka nemo mini shi."

Ta yi dariya har ta riƙe keke. Shi ma ya yi, amma tasa ba ta kai ciki ba.

Ɗakin da aka kwantar da shi dogo ne, gadaje a jere, kowane gado da tsohonsa: wasu da auduga a ido ɗaya, wasu suna jiran tasu. Maƙwabcinsa tsohon mai gyaran agogo ne, wanda ya sanar da shi tun bai cire takalmi ba cewa shayin nan ruwan wanke kofi ne, kuma nas ɗin safe ba a yi mata wayo. Baba Mita ya ce shi bai zo yi wa kowa wayo ba. Ya ninke hankicinsa ya sa a aljihun gaba.

Da safe ta zo tana tura keken magani, mace mai jiki, tabarau a rataye a wuya. Ta miƙo masa ɗan kofin roba. Ya kawo shi kusa da idon hagu. Ƙwaya ɗaya ce a ciki, babba, ruwan ɗorawa, mai santsi, ba tsaga a tsakiya.

"Sista, ai biyu nake sha. Ƙanana, farare."

"Biyun ne a haɗe, Baba. Nan mai ƙarfin muke ajiyewa, ya fi wa inshora arha."

"Ban karya kumallo sosai ba. Ki ajiye, anjima na sha."

"Ina da gadaje har ƙarshen ɗakin nan, kowa da anjimarsa. Bismillah."

Wunin da suka yi da maɓalli bai tanadi wannan ba. Ya jefa ta baki, ya tura ta kumatu gaba ɗayanta, da niyyar in nas ta wuce ya gutsuri rabi ya ɓoye rabi. Ya kurɓi ruwa, ya ce, "Na gode, Sista," kuma a ganinsa bai taɓa faɗarta da kyau haka ba. Ba ta wuce ba. Ta naɗa masa abin awo a hannu, ta tambaye shi aikin da ya yi, ta tambaye shi ko gaskiya ne mita tana ƙirga iska in an ɗauke ruwa. Santsin ƙwayar ya narke, ɗaci ya cika masa baki har ya taɓa kunne. Tana rubutu, ba ta ko dube shi ba, ta ce, "Haɗiye, Baba, kafin ta ci maka dasashi. Mahaifina ma a kumatun hagu yake ajiyewa."

Ya haɗiye.

Sai jira. Ya kwanta, ya tashi zaune, ya sake kwanciya. Yana sauraron jikinsa kamar yadda yakan kara kunne a bango ya ji inda ruwa yake bi. Mai gyaran agogo yana ba shi labarin yadda waya ta kashe musu sana'a, shi kuwa yana jin yatsun ƙafarsa suna yin nisa. Ya ce a ransa ba komai, in ya wuce yau jiki zai saba. Ya ce a ransa mutane nawa ne suke shan biyu suna yawo. Hasken taga ya yi fari fiye da kima.

Wajen azahar aka buɗe wa masu dubiya. Daga bakin ƙofa ya jiyo muryar Yaya tana gaya wa mai gadi cewa ita ta yi wa uwarsa ɗinkin aure, ko da kuwa ba ta san uwar ba. Ya tuna bakinta, ya tuna nas tana kusa, ya ce bari ya tare Yaya tun ba ta iso ta tambaye shi ribar da ya ajiye mata ba. Ya miƙe da sauri.

Abin da ya sani bayan nan shi ne ƙafafunsa a ɗage kan matasai, ruwa yana ɗiga ta roba zuwa hannunsa, goshinsa yana zafi daidai saman idon da yake gani da shi. An ja labule an kewaye gadon. Likitarsa tana tsaye, an kira ta daga ƙasa. Yaya tana zaune a ƙarshen gado, ta riƙe babban yatsan ƙafarsa kamar wani zai ƙwace.

"Baba, ka ba mu tsoro," in ji Likita. "Jininka ya faɗi ƙasa warwas. Abin da mutum ya daɗe yana sha kullum ba ya kayar da shi rana ɗaya."

"Shayin nan ne. Ki tambayi maƙwabcina."

Ba ta yi dariya ba. Ta juya ta dubi Yaya, ta daɗe tana dubanta.

"Mama, ke wane magani kike sha?"

"Fari, ɗan ƙarami, mai tsaga a tsakiya."

"Yaya!"

"Rufe mini baki, Auta. Ina tsaye na ji ƙarar kanka a ƙasa."

Likita ta matso kusa da gadon. Ta kwance abin awo daga hannunsa, ta naɗa a na Yaya, ta matsa, ta jira. Da lambar ta fito ta yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Jininki ya fi nawa kyau. Ashe marasa lafiya biyu nake da su ban sani ba, kuma duk na yi musu daidai."

"To ki bar shi yadda yake," in ji Baba Mita. Ya so ya tashi zaune, ta danne masa kafaɗa. "'Yata, ba abin da zai canza. Ki bar biyun a rubuce. Ba wanda ya ji, ba wanda ya gani."

"Ba zan iya ba, Baba. Duk ranar da aka kawo ka ba ka cikin hayyacinka, abin da ke rubuce za a ba ka, kuma ba lallai ina nan ba. Yau goshi ne."

"Goshin nawa ne."

"Hannun da ya rubuta nawa ne."

Daga bayan labule mai gyaran agogo ya yi tari, irin tarin da ke nuna ba ya sauraro.

"Me za ki gaya wa masu katin?" in ji Baba Mita.

"Jini ya sauka, an rage magani. Duka gaskiya ne. Abin da ba a tambaye ni ba, ba zan rubuta ba."

"Ita fa?"

Nan ne Likita ta rasa inda za ta sa idonta. Ta ce akwai ofishin taimakon marasa ƙarfi a ƙasa, kusa da wurin wanki, wani lokaci ana ba su magani su raba. Za ta rubuta wa Mama takarda. Sai dai akwai layi.

"Layi," in ji Yaya. "Na ga na ido. Ki rubuta dai, 'yar nan, Allah ya yi miki albarka."

Likita ta kama labule za ta fita, ta tsaya. "Baba, in ka dawo mini jininka a sama, ba zan ninka ba. Na san inda rabin yake tafiya. Kuma rabi ba ya riƙe ku, kun riga kun gwada."

An ɗaga aikin har goshin ya warke, sannan aka yi. Ranar da aka cire masa auduga ya dawo gida ya ga abubuwan da bai yi kewarsu ba. Bangon ya fi yadda ya bar shi datti. Agogon, ashe har tsagewa ya yi. Yaya kuma ta tsufa ba ta gaya masa ba: wuyanta ya zama igiyoyi, zoben da ta saba fama da cire shi yana yawo a yatsa. Ya riƙa binta da ido daga keke zuwa murhu har ta ce in bai daina ba za ta mayar masa da audugar.

Ragowar ƙwayoyin da ke gida suka ƙare. Ya tsallaka titi ya karɓo sabon kwali, wanda bai kai nauyin na da ba. A hanyar dawowa ya tsaya a shago ya sayi sabuwar reza.

Da safe bayan shayi ya kife faranti.

"Kada ka fara," in ji Yaya. "Ka ji abin da yarinyar nan ta ce. Naka ne, ka sha abinka. Ni ga takarda an ba ni."

"Takarda ba a haɗiye ta."

"Kai ai ka haɗiye maɓalli."

"In ba ki sha ba, ba na sha. Mu zauna mu kalle ta."

Suka zauna. Ta ɗauki wani ɗinki ta ajiye. Ya girgiza ƙafa har kofuna suka fara kaɗawa. A waje masu zuwa aiki suna ta wucewa, kowa da saurinsa. Ita ta fara gajiya, ko kuwa ta ga jijiyar gefen kansa tana harbawa, shi dai bai sani ba. Ta ce, "Yanka, mai baƙin taurin kai."

Ya matso da farantin. Bai taɓa ganin tsagar da ke tsakiyar ƙwayar ba sai yau. Da, da farce yake lalubenta. Ya ɗora bakin rezar a kanta, ya danna. Ta rabu biyu cif, ko gari bai zuba ba.

Hannun Yaya ya taho da saurin da ya saba, sai ya tsaya a sama. Ya nufi na dama, ya koma na hagu, ya sake dawowa. Ta sunkuyo tana auna su da ido, idon nan da ba ya kuskuren inci. Baba Mita yana kallon hannun, yana tuna duk safiyoyin da ya yi yanka a karkace, da yadda ba ta taɓa bari ya riga ta ɗauka ba.

"Babu ƙarami yau, Yaya."

"An gyara maka ido don ka takura mini."

Ta ɗauki ɗaya ta jefa baki, ta kora da shayin da ya huce, tana kallon taga. Shi ma ya sha nasa. Ya goge rezar ya mayar cikin takardarta, bai ajiye ta kan taga ba, ya sa a aljihu. Sannan ya dafa tebur ya miƙe a hankali, yadda aka koya masa, ya ɗauki hularsa da takardar Likita.

"Ina kuma za ka?"

"Kusa da wurin wanki. In kama miki layi."

"Ka tafi da kujerar nan mai naɗewa," in ji ta, ƙafarta ta riga ta hau keke. "Gwiwarka ba ta da kati."